Bana Ba Ma Karɓar Jine

Alemu ya tsinko kwanson riɗi ɗaya daga gindin kara, ya danna shi da farce, kwanson ya buɗe baki ba gardama. Ya juye ƙwayoyin a tafin Ummuhani. Farare ne tas, kowace ta cika ta yi ɓul-ɓul, irin riɗin da dillalan kasuwar Gadarif ke miƙewa tsaye in sun hango shi.

"Kwana huɗu, Hajja," in ji shi, da Larabcinsa na bakin iyaka. "Yau Talata. Ranar Asabar in rana ta take, duk abin da bai faɗi a lauje ba ya zama na ƙasa."

Ba sai ya gaya mata ba. Wanda bai taɓa noma riɗi ba ne ke zaton shi ma kamar dawa yake, ka bar ta a gona ka je biki ka dawo ka same ta tana jiran ka. Riɗi ba shi da wannan kara. Da ganyensa ya yi rawaya ya fara zuba, dole a yanke shi da sauran ɗanyantaka a jikinsa, a ɗaure shi dami-dami, a jingina damman a tsaye su bushe. Wannan tarin shi ake kira hilla, kuma da hilla ake biyan masu yanka. In aka makara, kwanso ya tsage da kansa ya zubar da wahalar damina guda.

Fadan talatin ce gonar, wato kamar eka talatin, a kan hanyar Fashaga, ita kaɗai mijinta Ibrahimu ya bar mata da ya rasu shekara biyu da suka wuce. Kakansa ne ya sare dajin, mutumin ƙasar Hausa da ya taso aikin hajji a ƙafa, ya dawo ya yada zango a nan bai ƙara gaba ba. Da can gonar mutum huɗu take ciyarwa. Tun da yaƙi ya ci garin Madani, ƙanwarta Asia ta iso da 'ya'ya da surukai da jikoki, gidan ya koma na mutum goma sha shida, kuma ba mai albashi ko ɗaya a cikinsu. Abincinsu na shekara, da maganin hawan jinin Asia, da irin baɗi, duk suna tsaye a kan waɗannan karare masu rawayan ganye.

Alemu kuwa shi ne shugaban masu yankan da ke tsallako kogi daga Habasha duk kaka. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana kawo mutanensa ashirin gonar nan.

"To bismilla, gobe da asuba ku shiga," in ji Ummuhani. "Nawa hilla bana?"

Ya sunkuyar da kai yana murza ƙasa da takalminsa na taya. "Bir ɗari biyar."

"Da kuɗinmu jine nake tambayar ka, ba kuɗin Habasha ba."

"Kuɗin ke nan, Hajja. Bana ba ma karɓar jine."

Ta zuba masa ido. Ta ɗauka ciniki ne, irin wanda ake buɗewa da rashin kunya a rufe da shayi. Amma mutumin bai yi kama da mai ciniki ba, ya fi kama da wanda aka aiko da saƙon rasuwa.

"Bara jine kika ba mu, muka gode," in ji shi. "Muka tsaya yankan dawa har wata uku. Da muka je canzawa a Matamma, kashi ɗaya cikin uku ya narke a aljihunmu. Akwai wanda ya zo neman kuɗin bijimin huɗa, ya koma da kuɗin tunkiya. Ni suka riƙe, Hajja, har gida suka biyo ni. Bana sai da na rantse musu a coci kafin su yarda su tsallako."

Gonar za ta ba da hilla ɗari da hamsin. Ummuhani ba ta yi makaranta mai nisa ba, amma wannan ba ya neman makaranta: bir dubu saba'in da biyar. Abin takaicin kuwa, ta taɓa riƙe fiye da haka a hannunta, kuma ba da jimawa ba.

A watan huɗu ne, kafin ruwa ya sauka. Ta sayar wa wani ɗan kasuwar Habasha ragowar riɗin bara, ya biya ta bir dubu tamanin, sababbi ƙar. Ko gida ba ta kai su ba. Ibrahimu yana da doka tun tana amarya: kuɗin Habasha ba ya kwana a gidansa. A zamaninsa yana da gaskiya. Jine ɗaya bir huɗu yake saye har da ɗori, masu yanka kuma roƙo suke a biya su da jine, su ɗinke shi a ƙugun wando su kai gida su yi fankama. Shekarar da kudancin ƙasar ya ɓalle jine ya soma zamewa, ya zame har suka yi kunnen doki da bir, ya wuce ƙasa, kafin yaƙi sai ka ba da shida a ba ka ɗaya. Duk wannan ya faru a kasuwar maza, a bayan shaguna. Abin da ya iso kunnen Ummuhani a tsakar gida shi ne sukari ya yi tsada, sai kuma muryar Ibrahimu, wanda har ya koma ga Allah bai janye dokarsa ba, don mutum ne da ba ya janye magana ko ta tsufa ta yi furfura.

Saboda haka ran nan ta miƙe wajen Lukman mai canji, ya ba ta jine goma sha biyu kan kowane bir. Saura kaɗan su cika miliyan guda. Ta kulle su a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadonta, ta ce na yankan riɗi ne, ko wuta ta kama gidan ba mai taɓa su. Kuma ba a taɓa ba. Sallar layya ta zo ta wuce ba su yanka ko zakara ba. Asia ta yi sati uku tana raba ƙwayar maganinta biyu. Da damina ta tsaya, Mazin, babban ɗan Asia, wanda malamin lissafi ne a sakandare kafin yaƙi, ya shigo da waya a hannu yana murna, wai gwamnatin Habasha ta saki kuɗinta ya faɗi warwas a gaban dala. "Hala, wallahi kin fi 'yan banki kai," ya ce mata, da sunan da suke kiran yayar uwa. Ran nan har gahawar jabana ta dafa wa kowa don daɗi.

"Saboda Haj Ibrahimu, gobe za mu shiga ba tare da mun ga komai ba," in ji Alemu. "Amma in rana ta faɗi ba bir, ba zan iya riƙe su ba. Riɗin kowa ya nuna lokaci ɗaya. Akwai mai babbar gona a Gedambaliya da ke kira na tun jiya."

Laraba da hantsi tana kasuwa, kuɗin a jakar buhu ƙarƙashin mayafi, Mazin na biye da ita. Lukman yana zaune a ƙuryar wani shagon takalman roba, inda ya saba, yana shan shayi kamar duniya lafiya lau.

"Ahlan, Hajja Ummuhani. Bir? Ashirin."

"Ashirin me?"

"Jine ashirin, bir ɗaya."

"Kai Lukman, ka ji tsoron Allah! Ba kai ka karɓe su a hannuna sha biyu ba? A nan, a kan wannan bencin?"

"Ni ne. Kuma na ce miki ki riƙe ko da rabi, kika ce min ba kya ajiye takardar banza."

Ta tuna. Ya faɗa, ita kuma ta ba shi wannan amsar, har da tsaki. Ba abin da ya fi ciwo irin a maimaita maka maganarka a gaban ɗan ƙanwarka.

Mazin ya matso da waya. "Ya ustaz, a nan an rubuta sha shida. Ga shi, farashin yau ne. Kuma bir ɗin nan ya faɗi tun watan bakwai, duniya duk ta sani."

Lukman ya leƙa wayar da ido ɗaya. "Ya faɗi a banki, ya zol. Mu nan tun tuni a farashin da ya faɗo ɗin muke sayar da shi. Shi sau ɗaya ya faɗi ya zauna, namu kullum cikin faɗuwa yake. In wayarka na da bir, saya a wajenta."

Da Ummuhani ta miƙa jakar a wannan lokacin, da ta tashi da dubu arba'in da takwas. Amma zuciya ta ɗebe ta. Ta ja mayafi ta fita, ta ce Gadarif ba Lukman kaɗai ta haifa ba. Suka bi layin masu zinariya, suka bi layin masu kayan gyaran tarakta, suka shiga bayan wani kantin magani inda aka ce akwai wani Bahabashe mai sauƙi. Ɗaya ya ce ashirin da ɗaya. Ɗaya ya ce ya ƙare tun safe, wakilan manyan gonaki sun kwashe da buhu. Bahabashen ya yi dariya ya ce shi ma nema yake. A tashar motocin gona ta tambayi 'yan ƙasa masu yanka, waɗanda har yanzu ke karɓar jine, aka ce duk wanda ya san kan lauje an ɗauke shi tun makon jiya, saura sai malaman makaranta da ma'aikatan ofis da yaƙi ya koro, masu neman kowane irin aiki. Ta dube su zaune a inuwar bango da hannuwansu masu laushi, ta wuce.

Bayan azahar ta dawo shagon takalma, ƙafafunta sun yi futu-futu, bakinta ya bushe.

"Kawo, na yarda da ashirin ɗin."

Lukman bai ɗago ba. "Ashirin da biyu, Hajja."

"Da safe ka ce..."

"Da safe ne. Wallahil azim ba ni nake sa shi ba, waya ake bugo min daga iyaka. In kin kai la'asar ban san abin da zan ce miki ba. Ma'alesh."

Ba ta yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ya ƙare a layin masu zinariya. Ta tsaya tana kallo yana zare robar damman kuɗin da ta hana kanta da 'yar'uwarta wata shida, yana jefa su a kwali kamar ganyen kabeji. Abin da ya miƙo mata bai cika tafi biyu ba: dubu arba'in da uku da ɗari shida. Yawon zuciyar da ta yi ya cinye hilla tara. Ta laluba kunnenta, ta tuna 'yan kunnen sun tafi tun watan shida wajen man tarakta. Mazin ya buɗe baki zai yi wani bayani, ta ɗaga masa hannu, ya mayar da wayarsa aljihu.

Rana ta yi ja lokacin da mota ta sauke ta a bakin gona. Mutanen Alemu sun yi aiki, hilla arba'in da 'yan kai na tsaye a jere, ƙanshin ɗanyen riɗi ya cika wurin. Suna zaune a bakin bukkokinsu suna wasa lauje, kowa ya yi kamar ba jakarta yake kallo ba.

Ta ja Alemu gefe ta damƙa masa. Ya duba, ya sake dubawa. "Hilla tamanin da bakwai."

"Sauran ku yanka, in biya ku da riɗi. Buhu nawa kuke so? Ku faɗa da bakinku."

"Mu kai shi ina, Hajja? A ka za mu tsallaka kogi da shi? Ga sojoji ta nan, ga 'yan bindiga ta can. Kuɗi ma a cikin takalmi muke wucewa da shi."

"To ku jira in sussuka in sayar. Sati uku kawai."

"Sati uku kaka ta wuce. Mu ma kwana goman nan ne shekararmu."

Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da take. Ta durƙusa a gaban ɗan ƙodago, a cikin gonar mijinta, ta kama bakin rigarsa. "Alemu, shekara goma sha ɗaya. Da zazzaɓi ya kama ka wa ya kai ka asibiti? Mutum goma sha shida ne a gidana. Ka rufa min asiri, don Allah, don Annabi Isa da kuke bi."

Ya ja da baya da sauri kamar ta ɗora masa garwashi, ya tsuguna shi ma don kada ya tsaya a kanta. Idonsa ya kawo ruwa. "Tashi, Hajja, kada su gani. Nawa hannun zan ba ki kyauta har gobe da yamma, hilla uku ko huɗu. Na sauran ba nawa ba ne. Motar Gedambaliya za ta zo jibi da sassafe." Ya jira ta tashi, sannan ya miƙe. "Yanzu ki nuna min inda za mu tsaya."

Wannan ne ya fi mata zafi. Suka ratsa gonar tare, tana gaba yana baya. Gefen gabas kwari ne, ruwa ya kwanta a can, kararen sun kai mata kafaɗa. Gefen yamma tudu ne, bai kai wancan ba, amma shi ma riɗi ne, ita ta bi layinsa da cira sau biyu a cikin taɓo. Ta tsaya wajen wata ƙaya, ta ɗaura tsumma a reshenta. Daga nan zuwa gabas na lauje. Daga nan zuwa yamma, fadan goma sha biyu, sai abin da Allah ya yi.

Alhamis ta koma gari ta tara gidan. Ba ta yi dogon bayani ba, ta ce duk mai hannu biyu ya shirya. Juma'a da asuba mutum goma sha ɗaya suka sauka daga bayan motar itace, daidai lokacin da Habashawa ke hawa tasu. Alemu ya bar musu tsofaffin lauje takwas. Ya kama hannun Mazin ya nuna masa: ka riƙe karan a tsaye, ka yanka daga ƙasa da jan hannu ɗaya, kada ka girgiza, kada ka kwantar, ka ɗaure da nasa karan. Ya nuna sau uku, direba na danna ƙaho. Da zai hau, ya waiwayo ya ɗaga wa Ummuhani hannu, ita kuwa ta riga ta sunkuya.

Allah sarki, mutanen Madani. Sun yi iya yinsu, ba wanda zai ce ba su yi ba. Matar Mazin, wadda ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce a da, ta yanke yatsa tun kafin rana ta fito, ta naɗe da gefen mayafi ta ci gaba. 'Yan matan Asia suna finciko karan kamar masu cire ciyawa. Mazin yana sara maimakon ja, kowane sara sai karan ya yi rawa, kuma damin da ya ɗaure da ka ɗaga shi sai ya zube. Asia, da hawan jininta, ta ƙi zama a bukka, tana bin su da butar ruwa tana haki. Ummuhani ita kaɗai ta san aikin, ita ma rabonta da lauje tun tana budurwa. Tana yanka tana gyara na wasu tana faɗa, har muryarta ta dushe. Ko masallacin Juma'a mazan ba su nema ba.

Da magariba suka tsaya suka dubi abin da suka yi. Hilla biyar, biyu a ciki sun karkace. Saura wajen hamsin da biyar. Aka ci kisra, wainar dawa mai faɗi, da ruwan miya, kowa ya nemi inda zai miƙe bayansa.

Asabar suka fito tun ba a gane fuska. Da raɓa a jikin karan abin ya yi sauƙi, kwanson na da laushi, Ummuhani har ta fara saƙa wa ranta cewa wataƙila Alemu ya yi kuskuren kwana ɗaya. Mutum ne shi ma. Suka ƙara hilla biyu kafin hantsi. Sai raɓar ta bushe.

Ita ta fara gani. Ta kama kara, tun kafin lauje ya taɓa shi fararen ƙwayoyi suka zubo mata a bayan hannu. Ta duba na kusa, kwansunan ƙasa duk sun wage baki. Ƙasar Gadarif kuwa baƙar laka ce, da ruwa ya ɗauke take tsagewa, tsaga mai shanye hannun mutum har gwiwa. Abin da ya faɗa ciki ko tsuntsu ba ya samu. Ta kwance mayafinta ta shimfiɗa a gindin karare, ta yanka a hankali kamar mai ɗaukar jariri, abin da ya taru bai fi cikin cokali biyu ba. Ta ɗaga kai ta hango Mazin can gaba yana ta sara da duk ƙarfinsa, gumi ya jiƙe shi sharkaf, riɗi na tsiyaya ta ƙarƙashin hammatarsa bai ma sani ba.

"Halas," in ji ta. Ba wanda ya ji. Ta tattaro sauran muryarta. "Na ce halas! Ku ajiye."

"Hala, saura da yawa," in ji Mazin. "In muka dage har la'asar..."

"Kara kake yanka, ɗana. Ajiye."

Suka dawo ɗaya bayan ɗaya suka zube a 'yar inuwar ƙayar, hannuwa duk ƙuraje sun fashe. Asia ta zauna kusa da yayarta, ta miƙa mata buta, ba ta karɓa ba. Rana ta tsaya a tsakiyar ka, sama fes ba ko ɗigon gajimare.

Can sai wata 'yar iska ta taso daga yamma, ta bi ta kan fadan goma sha biyun nan. Wani sauti ya biyo ta, siriri, yaf-yaf-yaf a kan busassun ganye, ya fara daga nesa yana matsowa har ya kewaye su ta ko'ina. Asia ta yi zumbur ta ɗaga kai sama, ta tara tafin hannu.

"Yaya, ji! Ruwa ne a wannan watan?"

Ummuhani ba ta ɗaga kai ba.

"A'a," ta ce. "Riɗinmu ne."